Ƙwayoyin gadon furotin ɗin madara a hantsar shanu da tumaki

Kusan kowace ƙwayar halitta a jikin saniya ko tunkiya tana ɗauke da ƙwayoyin gadon da ke sarrafa furotin ɗin madara, amma ba sa aiki sai a cikin ƙwayoyin da suka lulluɓe ƙananan jakunkunan hantsa, su ma sai dabba ta kusa haihuwa ko tana shayarwa.

Manyan furotin ɗin madarar waɗannan dabbobi guda shida ne. Huɗu daga cikinsu kasin ne, wato furotin ɗin da ke daskarewa ya zama cuku, waɗanda su ne kusan kashi 80 cikin 100 na furotin ɗin madarar shanu, kuma ƙwayoyin gadonsu suna jere kusa da juna a kan kuromosom na 6 (kuromosom shi ne zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado) a shanu da tumaki duka. Sauran biyun, wato beta-laktogulobulin da alfa-laktalbumin, su ne ke zama cikin ruwan da ke tsatsowa idan madara ta daskare. Alfa-laktalbumin yana taimakawa wajen haɗa sukarin madara, wanda shi ke jawo ruwa zuwa cikin hantsa, saboda haka yawan madarar da ake tatsa yana da alaƙa da shi.

Lokacin da dabba ke da ciki, sinadarin furojestaron yana danne aikin waɗannan ƙwayoyin gado. Da haihuwa ta gabato sai ya ragu, sinadarin furolaktin kuma ya ƙaru tare da sinadaran kotisol da insulin. Furolaktin yana kama makarɓarsa a bangon ƙwayar hantsa, ya tayar da wani furotin mai suna STAT5, shi kuma ya shiga cibiyar ƙwayar ya manne a gaban ƙwayar gadon kasin, daga nan a fara kwafe saƙonta. Abin lura shi ne daga hantsar tunkiya aka ware STAT5 aka kuma fara gano tsarinsa, a ɗakin binciken Bernd Groner a shekarar 1994. Idan an daina tatsa, madara ta taru a hantsa, aikin ƙwayoyin gadon yakan ragu cikin 'yan kwanaki.

Madarar tumaki ta fi ta shanu kauri, domin furotin ɗinta yakan haura kashi 5 cikin 100, na shanu kuwa bai cika wuce kashi 3 da ɗoriya ba, shi ya sa take bayar da cuku mai yawa. Nau'in kafa-kasin (ɗaya daga cikin kasin huɗun) da saniya ta gada ma yana shafar saurin daskarewar madararta, kuma nau'in B ya fi dacewa da yin cuku.

Ƙarfin makunnin beta-laktogulobulin na tumaki, wato ɓangaren da ke kunna aikin ƙwayar gadonsa, ya sa masana a Roslin da ke Sikotland suka haɗa shi da wata ƙwayar gado ta ɗan'adam, aka haifi tunkiya mai suna Tracy a 1990, wadda ke fitar da furotin ɗin alfa-1-antitiripsin na mutum a cikin madararta domin a yi magani da shi.