Ciwon suga nau'i na ɗaya ga mai fama da ciwon damuwa: tambayoyin da ba sa ƙarewa

Likita, in raina ya kwanta damuwa ta tafi, zan iya daina allura?

A'a. A nau'i na ɗaya jiki ya daina yin insulin, sinadarin da ke saukar da sugan jini wanda allurar ke ba ka, kwanciyar rai ba ta dawo da shi. Ƙwayar metformin da maƙwabcinka ke sha ta masu nau'i na biyu ce. Shuwaka, zogale da garin hulba ba su maye gurbin allura. An sha faɗa.

Nawa ya kamata na gani a na'urar gwajin suga?

Ga yawancin manya, 80 zuwa 130 kafin cin abinci, ƙasa da 180 bayan awa biyu da ci. Ƙasa da 70 suga ya faɗi. Ƙasa da 54 an shiga haɗari. Idan na'urarka ƙananan lambobi take nunawa kamar 5.6 ko 9.2, da ma'aunin mmol take aiki, sai ka ninka da 18 ka samu irin lambobin da aka faɗa a sama. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram kuma takardar asibitinsu da giram take zuwa, 0.70 ɗinsu shi ne 70 ɗinmu. Ka san wanda naka ke amfani da shi kafin ka kira kowa kana kuka.

Ba na son gwadawa. Da na ga lamba ta hau sai in ji ni ba kowa ba ne, in wuni a kwance.

Wannan ba tambaya ba ce, amma ita ce ta fi zuwa. Saurara. Lambar nan ba sakamakon jarrabawa ba ce, ba ta auna tarbiyya ko imani. Abubuwa da yawa na ɗaga suga ba tare da ka ci komai ba: rashin barci, zazzaɓin cizon sauro, al'adar mata, insulin da zafi ya lalata, da ita kanta damuwar, domin sinadaran da jiki ke fitarwa a tashin hankali suna sa hanta ta zubo suga cikin jini. Mai nau'i na ɗaya da bai taɓa ganin 250 ba, to ba ya gwadawa ne.

Abin yi: ka daina cewa "ya yi kyau" ko "ya ɓaci", ka ce "ya hau" ko "ya sauka", sannan ka tambayi kanka abu ɗaya, me zan yi yanzu. In kallon lambar ne ke da wuya, wani na gida ya karanta ya rubuta, ya gaya maka mataki kawai. Kuma don Allah a daina ƙirƙiro lambobi a littafi daren zuwa asibiti. Na'urar tana ajiye nata, gwajin HbA1c kuma yana nuna matsakaicin wata biyu zuwa uku. Likitan da ya daidaita maka allura a kan lambar ƙarya, kai zai cutar bai sani ba.

Huda yatsa yana karya azumi?

Ba ya karyawa, malamai da likitoci sun daɗe da daidaitawa a kan haka. Mai azumin da ya ga ƙasa da 70 ko sama da 300 ya karya azumin nan take. Wanda sugansa ke hawa da sauka, ga damuwa ta hana shi kula da kansa, ya zauna da likita kafin watan ya kama, kuma kada ya yi mamaki in an ce ya ajiye.

Ranar da damuwa ta danne ni ba na iya tashi, ba na iya cin komai. In yi allura ko in bari?

Nan ne ake mutuwa, saboda haka a karanta a hankali. Amsar ta danganta da irin insulin ɗin da kake yi, kuma ba wanda zai yanka maka yunit daga nesa bai ga littafinka ba. Abin da za a iya faɗa ga kowa shi ne tsarin.

Jiki yana bukatar insulin ko ba a ci komai ba, domin hanta ba ta daina sakin suga. Idan babu insulin sam, jiki ya koma ƙona kitse, guba mai suna kiton ta taru, jini ya yi tsami. Wannan na iya faruwa cikin yini guda. Don haka insulin mai dogon zango, irin su Lantus ko Insulatard, ba a tsallake shi don ba a ci abinci ba. Idan suga yana ta yin ƙasa, likitoci kan rage shi kaɗan, sau da yawa kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari, amma ragewa daban, dainawa daban. Nawa za ka rage, wannan ka nemi a rubuta maka a takarda tun ranar da kake da lafiya, ka liƙa a bango.

Insulin na abinci shi ne ke bin abinci. Ba ka ci ba, ba ka yi shi ba, sai dai ɗan gyara in suga ya hau kuma an koya maka lissafin. Mai amfani da mai saurin aiki irin NovoRapid yana da sauƙi ɗaya: ranar da bai tabbata zai iya cinye kwanon ba, yana iya ci tukuna, ya ga abin da ya shiga, ya yi allurar nan take gwargwadonsa. Ba shi ne mafi kyau ba, suga zai ɗan hau, amma ya fi a yi cikakkiyar allura a kasa cin tuwon. Da Actrapid dabarar ba ta tafiya sosai, domin shi sai ya yi kusan minti 30 kafin ya fara aiki, kuma yana daɗewa a jiki, sai ya kayar da kai bayan abincin ya wuce.

Matsalar ta fi tsanani ga masu gaurayayye irin Mixtard 30, wanda da yawa a nan shi suke samu saboda kuɗi. A kwalba ɗaya akwai na dogon zango da na abinci, ba a raba su. Ka yi cikakke ba ka ci ba, suga ya faɗi. Ka bari gaba ɗaya, kiton ya taso. Hanyar tsakiya ita ce a samu abin da zai shiga ciki ko da ruwa-ruwa ne: koko, kunu, fura da nono, shayi da madara da burodi. Ana son kusan giram 45 zuwa 50 na abinci mai sitaci ko suga duk awa uku zuwa huɗu. Yankan burodi ɗaya kusan giram 15 ne, kofin madara kusan 12. Wanda ya san damuwa na yawan hana shi ci, ya gaya wa likitansa ƙarara, wataƙila a raba masa insulin ɗin gida biyu. Wataƙila kuma aljihu ya hana. A dai yi maganar.

Gwaji a irin wannan rana: in ƙarfinka bai kai komai ba, kada ka gaza kafin kowace allura da kafin barci. In akwai amai ko zazzaɓi, duk awa biyu zuwa huɗu. Sama da 250 sau biyu a jere, a gwada kiton da tsinken gwajin fitsari, a yi ta shan ruwa. Kiton matsakaici ko mai yawa, ko amai da ya ƙi tsayawa, ciwon ciki, numfashi mai zurfi da sauri, warin baki kamar 'ya'yan itace da suka nuna, ko magagi: asibiti, yanzu, ba kemis ba, ba gobe da safe ba.

Akwai kuma mantuwa, wadda damuwa ke kawowa. Ba ka tuna ko ka yi allurar dare ko ba ka yi ba? Kada ka sake. Ka riƙa gwadawa duk awa biyu zuwa uku, lambar za ta gaya maka. Ka tabbata ka tsallake ta sai da safe ka tuna? Kada ka ninka ta gaba. Abin da za a yi ya bambanta daga insulin zuwa insulin da kuma awa nawa suka wuce, a nan sai kiran wanda ke duba ka. Kuma kada ka jera allurar gyara a kan gyara don haushi. Mai saurin aiki yana nan yana aiki har awa huɗu ko fiye, ka ƙara masa wani a awa ɗaya, su haɗu su kayar da kai cikin dare.

Duk wannan ya fi ƙarfin mutum ɗaya a ranar da ko wanka ya gagare shi. Shi ya sa ake cewa a ajiye na'ura, allura, ruwa da suga a kwano ɗaya kusa da shimfiɗa, a ɗaura allura da abin da ba ya sauya lokaci sosai kamar sallar asuba da ta isha'i, a kuma samu mutum ɗaya a gida da ya san tsarin.

Jikina na rawa, zuciya na bugawa, gumi. Fargaba ce ko suga?

Gwada. Alamominsu iri ɗaya ne. Babu na'ura kusa, ɗauka suga ne ya faɗi. Giram 15: cokalin cin abinci ɗaya na suga ko zuma, ko ƙwayar suga uku zuwa huɗu, ko rabin kofi na lemon kwalba mai suga. Jira minti 15, sake gwadawa, maimaita in bai kai 70 ba, sannan ka ci abu mai riƙe ciki. Wanda ya suma ba a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe a garzaya asibiti.

Ta yaya zan san ciwon damuwa ne ba gajiya da ciwon suga ba?

Gajiya da ciwon tana tsayawa kan ciwon: ka gaji da huda, da lissafi, da kuɗin tsinken gwaji, amma ranar suna ko kallon ƙwallo kana jin daɗi. Ciwon damuwa yana cinye komai. Mako biyu ko fiye, kusan kullum, rai a ɓace, abin da ka saba so ya fita kanka, barci ya lalace, ci ya sauya, kana jin ba ka da amfani. Masu ciwon suga sun fi sauran mutane kamuwa da shi, kusan ninki biyu, don haka ba kai ka fara ba. Akwai takardar tambayoyi tara, PHQ-9, da ake cikewa cikin 'yan mintuna. Ka nema.

Kafin a ɗora komai kan damuwa, a duba abu biyu. Suga da ya daɗe a sama shi kansa yana kawo kasala da nauyin kai. Sannan masu nau'i na ɗaya suna yawan samun raunin ƙullin maƙogwaro da ke sarrafa kuzarin jiki, alamominsa kuma sak na damuwa. Gwajin jini na TSH ke rabawa.

Maganin damuwa ba zai ɓata min suga ba?

Zai iya motsa shi, ba dalilin ƙin sha ba ne. Sertraline da fluoxetine kan ɗan saukar da suga ga wasu, sai a ƙara gwaji a makonnin farko. Amitriptyline da mirtazapine suna buɗe ciki su ƙara ƙiba. Olanzapine yana ɗaga suga sosai, wanda aka ba shi ya tabbata likitan ya san yana da ciwon suga. Maganin yana ɗaukar mako biyu zuwa shida kafin a ji bambanci, kada a yar da shi a kwana biyar, kada kuma a yanke shi farat ɗaya. Zama da masanin halayya yana aiki, ba hira ba ce kawai. Addu'a kuwa ba wanda ya hana, a haɗa da magani.

Tramadol da ruwan kodin ba maganin damuwa ba ne. Na farko yana iya kayar da suga, na biyu cike yake da suga.

Na'urar tana ba ni lambobin da ban yarda da su ba.

Ka wanke hannu? Yatsan da ya taɓa dabino ko mangwaro zai ba ka lambar da za ta firgita ka. Sabulu da ruwa, a busar sarai, a huda gefen yatsa. Rufe kwalbar tsinke nan take, duba ranar lalacewarsa, kada a bar shi a mota. Da hunturu a ɗumama hannu tukuna.

In lambar gaskiya ce kuma allura ta daina kamawa, duba kwalbar insulin. Wadda aka buɗe kusan kwana 28 take yi, a ƙasa da digiri 30. Zafin Afrilu a Sakkwato ya wuce haka nesa. Babu wuta, a sa ta a roba mai murfi cikin tukunyar ƙasa da ke zaune a jiƙaƙƙen yashi, a inuwa. Wadda ta daskare ta mutu. Duba wurin allurar ma, in ya yi ƙullutu sauya wuri, insulin ba ya shiga daidai ta nan.

Abin liƙawa a hannu fa?

FreeStyle Libre, abin da ake liƙawa ya riƙa auna suga dare da rana, yana kwana 14 a bayan dantse, ya rage huda, kuma ga wanda huda ta gundura taimako ne babba. Yana da tsada, gumi na ɓamɓare shi, yana bin jini a baya da 'yan mintuna. Wasu kuma kallon layin hawa da saukar suga dare da rana ke ƙara musu damuwa. In alamun jikinka sun saɓa da shi, huda yatsa.

Wani lokaci ina jin gara in huta da duniyar gaba ɗaya.

To wannan ba a barinsa sai ranar ganin likita. Ka gaya wa mutum ɗaya yau, da bakinka, kamar yadda ka rubuta nan. Ciwon ne ke magana, kuma yana jin magani. Har abin ya lafa, insulin da sauran magunguna su koma hannun wani amintacce, ya riƙa kawowa lokacin allura yana tsaye a yi. Kada ka kwana kai kaɗai. Sashen gaggawa na kowane babban asibiti zai karɓe ka, akwai kuma asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, Kware, Dawanau da Maiduguri, da sashen masu wannan aiki a asibitin koyarwa na Aminu Kano da na Shika.

Ku kuma 'yan gida, in ya faɗa muku haka, ba lokacin "ka ji tsoron Allah" da faɗa ba ne. Ku zauna da shi, ku karɓi magungunan, ku nemo mota. Kuma ku daina tare shi a ƙofa da "nawa suga yau?" kamar masu bin bashi. Ku tambaye shi ko ya ci abinci, in bai ci ba a dama masa koko.