Tsara unguwa don masu tafiya a ƙasa a arewacin Kamaru

Unguwar masu tafiya a ƙasa ita ce wadda mazauninta zai kai kasuwa, makaranta, masallaci da famfo ba sai ya hau babur ba. Masu tsara birane kan auna wannan nisa da mita 400, wato tafiyar minti 5, ma'aunin da ake dangantawa da Clarence Perry, wani mai tsara birane na Amurka, tun 1929. A Marwa da Garwa, inda zafin Afrilu ke haura digiri 40, inuwar hanya ta fi gajartarta muhimmanci.

Tarihi

Tsoffin unguwannin Ngaundere, Garwa da Marwa sun bunƙasa ne kewaye da fadar lamiɗo (sarkin Fulani), babban masallaci da kasuwa, akasari a ƙarni na 19. Gidajen da Fulani ke kira saare katanga ce jingine da katanga, lunguna suna lanƙwasa tsakaninsu daidai wucewar jaki da kayansa. Fatake Hausawa sun sauka dab da kasuwa. Matsattsen lungu yana da inuwa safe da yamma, abin da miƙaƙƙun titunan Turawa suka rasa sai da aka jera musu dogon yaro. An fi danganta wannan dashe da zamanin Faransawa, sannan shirin dasa itatuwa na Sahel Vert na shekarun 1970, wanda aka farfaɗo da shi a 2008.

Doka

Dokar tsara birane ta 21 ga Afrilu 2004 ta tanadi takardun tsari iri huɗu. Mafi kusa da unguwa shi ne tsarin sashe, wato takardar da ke tsara wani yanki na gari dalla-dalla.

Yadda ake aikin

Jauro ko lawan, wato mai unguwa, ya tara jama'a a zaga unguwa sau biyu: da rani a ga inda babu inuwa, da damina a ga inda ruwa ke kwanciya. Kwata ake fara haƙawa, ta gangara zuwa rafi kamar Mayo Kaliyawo na Marwa, a rufe ta da murfin siminti mai ɗaguwa don a riƙa yashe yashi kafin ruwan Yuni. Hanyar ƙafa kada faɗinta ya gaza mita ɗaya da rabi, in ba haka ba mai tura ruwa da mai talla ba za su gifta juna ba.

Dogon yaro ana dasa shi farkon damina, tazarar mita 8 zuwa 10, a kewaye shi da ƙaya saboda awaki, a ba shi ruwa rani biyu. In ya matsi kwata, saiwarsa za ta fasa ta. A baƙar laka da ake kira karal, daɓen siminti yakan tsage, domin ƙasar tana kumbura da damina ta tsattsage da rani. Jeren bulo a kan yashi ya fi jurewa, kuma ana iya ɗaga shi a gyara.

Saɓani

Faɗaɗa lungu na nufin rusa katanga, kuma diyya takan tsaya kan takardar mallakar fili, wadda gidajen gado da yawa ba su da ita. Masu tebur da 'yan babur na haya ma ba su cika yarda a tashe su daga bakin hanya ba.