Me ake nufi da "tasowar ruwan sanyi" a gaɓar tekun Gana?

Tekun da ke gaban Elmina, Tema da Axim ruwansa ɗumi ne a mafi yawan shekara, zafinsa tsakanin digiri 27 zuwa 29. Amma daga watan Yuli zuwa Satumba sai ya sauya. Iska da igiyar ruwa kan ture ruwan da ke saman teku, na can ƙasa mai sanyi ya taso ya maye gurbinsa, har zafin ya sauko ƙasa da digiri 25. Wannan shi ake kira tasowar ruwan sanyi. Akwai wata ƙarama wajen Janairu, lokacin hunturu, sai dai 'yan makonni take yi.

Ba sanyin kansa kifi ke bi ba, abinci yake bi. Ruwan ƙasa na zuwa da taki, rana ta haska shi, sai ƙananan halittun da ido ba ya gani su yi yawa har ruwan ya yi kore-kore, ya daina ɗaukar ido. Daga nan garken amani ke matsowa kusa da gaɓa, wato kifin nan da ake kyafawa a unguwar Chorkor ta birnin Accra a kai shi kasuwannin Kumasi da Tamale. Masu kwalekwale kan fita da dare su zagaye garken da koma, su zuge ƙasanta kamar bakin jaka. Daren duhu suka fi so, don in farin wata ya cika kamu raguwa yake.

Idan tasowar ta makara ko ta zo da rauni, kifin na zamansa can cikin zurfi, a ƙona fetur a dawo hannu rabbana. In kuwa ta yi ƙarfi, wata matsalar ce: amani kifi ne mai maiƙo, in babu ƙanƙara ba ya jure jira, murhun kyafi ya cika, farashi ya faɗi warwas.

Babbar damuwar ita ce a wannan lokacin ne kifin ke ɗauke da ƙwai. Shi ya sa a 2021 gwamnatin Gana ta rufe teku ga masu kwalekwale daga 1 zuwa 31 ga Yuli, manyan jiragen jan koma kuma har ƙarshen Agusta. Sai dai hutun wata guda ba ya maganin koma mai ƙananan idanu, ko kunna fitila cikin ruwa don tara kifi, wanda doka ta riga ta haramta.