Jure Fari a Jikin Tsirrai da Dabbobi

Jure fari, a ilimin halittu, shi ne tarin siffofi da ayyukan cikin jiki da ɗabi'u waɗanda ke ba tsiro ko dabba damar rayuwa da hayayyafa a wurin da ruwa ke yin ƙaranci na tsawon lokaci. Ɗalibin shekarar farko a jami'a yakan ci karo da batun a wurare dabam-dabam: a darasin aikin gaɓoɓin jiki, da darasin dangantakar halittu da muhallinsu, da kuma darasin sauyin halitta daga zuri'a zuwa zuri'a. Tushen batun ɗaya ne. Babu halittar da ke tattalin ruwa a kyauta, duk ɗigon da ta hana fita sai ta biya shi da wani abu, ko abinci, ko girma, ko sanyin jiki.

Ƙasar Sakkwato na daga cikin wuraren da aka fi ganin wannan a zahiri. Ruwan da ake samu a shekara bai cika wuce milimita 600 zuwa 700 ba, kuma kusan dukkansa tsakanin Yuni da Satumba yake sauka. Daga nan sai watanni bakwai ko takwas babu ko yayyafi: hunturu da busasshiyar iskarsa ta arewa maso gabas, sannan bazara, inda zafin rana a watan Afrilu ke haura digiri 40. Ɗalibin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975, zai iya ganin yawancin misalan da ke cikin wannan maƙala a kan hanyarsa daga cikin gari zuwa makaranta.

Matsalar ganye

Tsiro yana haɗa abincinsa ne da hasken rana da ruwa da iskar kabon-dayoksaid. Ita wannan iska tana shiga ta wasu ƙananan ƙofofi da ke fatar ganye, waɗanda ake kira sitomata, kowace ƙofa da ƙwayoyin halitta biyu masu gadinta. Idan masu gadin sun ƙoshi da ruwa sai su kumbura, ƙofa ta buɗe. Idan sun yi yaushi sai ta rufe. Matsalar ita ce ta ƙofar da iska ke shiga, ta nan tururin ruwa ke fita. Fiye da kashi 95 cikin 100 na ruwan da saiwa ta tsotso haka yake tafiya. Ba duka ne asara ba, domin wannan fitar ce ke janyo ruwa da gishirin ƙasa daga saiwa zuwa ƙololuwar bishiya, ita ce kuma ke sanyaya ganye. Amma idan ƙasa ta bushe, tsiro kan samar da wani sinadari mai suna absisik asid wanda ke sa ƙofofin su rufe. Ruwa ya tsira, haɗa abinci kuwa ya tsaya.

Akwai wata illar da ta fi wannan ɓoyuwa. Sinadarin da ke kama kabon-dayoksaid a cikin ganye, rubisko, ba gwani ba ne wajen tantancewa. Idan zafi ya yi yawa, ƙofofi kuma suna rufe, sai ya riƙa kama iskar oksijin a maimakon wadda ake so, tsiro ya ƙone ƙarfinsa wajen gyara ɓarnar. Shinkafa da alkama da wake da gyaɗa duk suna fama da wannan. Ana kiransu tsirran C3, saboda sinadarin farko da suke samarwa yana da ƙwayoyin kabon uku.

Gero da dawa da masara da rake sun bi wata hanya, wadda masana biyu a Ostareliya, Hatch da Slack, suka fayyace a 1966 bayan bincike a kan rake. A cikin ganyensu an raba aiki gida biyu. Ƙwayoyin da ke kusa da fatar ganye suna da wani sinadari da ba ruwansa da oksijin, shi ke kama kabon-dayoksaid ya ɗaure shi cikin sinadari mai kabon huɗu, wanda daga nan sunan C4 ya samo asali. Sai a tura shi zuwa ƙwayoyin da ke kewaye da jijiyoyin ganye, a kwance shi a gaban rubisko. Kamar dai yadda 'yan sari ke bin ƙauyuka suna tara hatsi tiya-tiya, su jibge wa babban ɗan kasuwa buhuna a ƙofar shagonsa. Da yake kayan sun yi wa rubisko yawa, ba ya samun sararin yin kuskure, tsiron kuma ba ya buƙatar wangale ƙofofinsa. A ƙiyasi, tsiron C4 yana kashe kusan rabin ruwan da na C3 ke kashewa kafin ya samar da abinci daidai da nasa. Ladan wannan dako shi ne ƙarin ƙarfi da tsiron ke kashewa, saboda haka a wuri mai sanyi ribar kan koma wajen C3. Manomi bai san waɗannan haruffa ba, amma ya san gero na jigawa ne da damina, shinkafa ta fadamar Rima ce, alkama kuwa sai an jira sanyin hunturu a yi mata ban-ruwa.

Rukuni na uku, irin su abarba, suna buɗe ƙofofinsu ne da dare kawai, su ajiye iskar a matsayin tsami, da rana su yi aiki da ita ƙofa a rufe. Sun fi kowa tattali, sun fi kowa jinkirin girma.

Masu gudu da masu zama

Yawancin ciyayin daji ba sa tsayawa su fuskanci rani ko kaɗan. Ƙarangiya takan tsiro da ruwan farko, ta yi 'ya'ya, ta mutu kafin kaka ta ƙare, ta bar iri mai ƙaya wanda ke maƙale wa gashin dabba da wandon mai wucewa. Irin ne ke ƙetare rani, a bushe, numfashinsa kamar babu. Gero mai nuna cikin wata uku ko ƙasa da haka wannan dabara yake bi, maiwa kuwa ta fi shi daɗewa a gona, don haka ta fi son shekarar da damina ta yi tsawo.

Bishiya ba ta da wannan zaɓi. Kuka takan tara ruwa a cikin gangar jikinta mai taushi, ta zubar da ganye da zarar rani ya kama. Aguwar da ake shinge da ita haka take tsayawa tsirara, rassanta cike da farin ƙaro. Bagaruwa ta ƙanƙantar da ganyenta, aduwa ta yi wa nata fata mai kauri, dukansu biyu kuma da ƙaya don kada dabba ta cinye ɗan abin da aka sha wahalar samarwa. Sabara da kalgo suna da wani aiki da bincike a Senegal ya tabbatar: da dare saiwoyinsu masu zurfi kan ɗago ruwa daga ƙasa, ya tsiyaya a busasshiyar ƙasar sama, har geron da ke kusa ya amfana. Manomin da ke sare sabara ya bar kututturen yana da hujja fiye da yadda ake zato.

Gawo shi ne ya saɓa wa kowa. Yakan kaɗe ganyensa da damina, ya yi kore shar da rani, saboda saiwarsa na nutsawa har ta tarar da ruwan ƙarƙashin ƙasa. Da yake dangin wake ne, saiwarsa na ɗauke da ƙwayoyin bakteriya masu kama iskar naitirojin su mai da ita taki. Ganyen da ya zuba a farkon damina ya zama abincin shuka, ba inuwar da za ta danne gero, da rani kuma shanu da tumaki su taru a ƙarƙashinsa suna cin 'ya'yansa, suna barin kashi. Shi ya sa hatsin gindin gawo yake fin na sauran gona kyau.

Raƙumi da sauransu

Dabba mai jini mai ɗumi tana sanyaya jiki ne da gumi ko haki, duka biyun kuwa ruwa ne. Lita ɗaya ta gumi idan ta bushe a fata takan ɗauke zafi kimanin kilokalori 580. Tambayar ita ce yaya raƙumi, irin waɗanda ake gani a kasuwar Illela, yake kwanaki bai sha ba. Amsar da aka saba ji, wai ruwa yake ajiyewa a tozo, ba gaskiya ba ce. Tozo kitse ne zalla. Amfanin tara kitsen wuri ɗaya shi ne sauran jiki ba shi da bargon da zai hana zafi fita.

Masanin da ya warware batun shi ne Knut Schmidt-Nielsen, wanda ya yi aiki a Beni Abbes, cikin hamadar Aljeriya, a shekarun 1950. Ya gano cewa raƙumin da ke jin ƙishirwa yakan ƙyale zafin jikinsa ya sauka zuwa wajen digiri 34 da asuba, ya yi ta hawa har kusan 41 da yamma kafin ya soma gumi sosai. Wato yana ajiye zafin rana a jikinsa, ya sake shi da dare lokacin da gari ya yi sanyi, ba tare da ya kashe ruwa ba. Ga raƙumi mai nauyin kilo 500, wannan kaɗai kan tsirar da kusan lita 5 a yini. Mutum ba zai iya haka ba, digiri 41 a jikinsa zazzaɓi ne mai kai wa asibiti. Raƙumi yana iya rasa ruwan da ya kai kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa bai faɗi ba, domin yawancin ruwan daga tsoka da hanji yake fita, jini bai yi kauri ba. Idan ya samu rijiya kuwa yakan shanye kusan lita 100 cikin 'yan mintuna, kuma jajayen ƙwayoyin jininsa, masu siffar ƙwai, suna kumbura ba su fashe ba. Kashinsa busasshe ne, fitsarinsa kaɗan ne mai kauri, hancinsa ma yana ƙwace laima daga numfashin da zai fita.

Kaurin fitsari aikin ƙoda ne. Idan jini ya soma kauri, ƙwaƙwalwa kan saki sinadarin basofiresin, wanda ke umartar ƙoda ta mayar da ruwa cikin jini. Wanda ya yi azumi a bazarar Sakkwato ya san sakamakon, fitsarin la'asar kaɗan ne kuma ja. Iyakar ƙodar mutum ita ce ta ninka kaurin jini kusan sau huɗu. Tsuntsaye da ƙadangaru sun rage wa kansu wahala ta hanyar fitar da dattin a matsayin yurik asid, wanda kusan ba ya buƙatar ruwa: farin da ke kan kashin kaza ke nan.

Akwai masu ƙaura, kamar shamuwa da ke iso da ruwa ta koma kudu idan ya ɗauke. Akwai kuma gaiwa, kifi mai huhu, wadda idan tafki ya ƙafe takan nutse cikin taɓo, ta lulluɓe kanta da yauƙin da ke bushewa ya zama kube, ta bar 'yar kafa ta numfashi. Bugun zuciyarta da numfashinta su ragu ƙwarai, ta kwanta watanni. Maganar Hausawa cewa gaiwa jikinta take ci ta yi daidai da abin da aka auna, domin tsokarta take narkarwa ta rayu, dattin kuma ta tara shi a matsayin yuriya, sinadarin da ke fita a fitsari, har ranar da ruwa ya dawo ta wanke shi.

Daga ina siffofin suka fito

Nan ne ɗalibai suka fi yin tuntuɓe. Akwai sabo, akwai gado. Baƙon da ya zo Sakkwato daga Jos yakan sha wuya kwanakin farko, amma cikin kusan mako biyu jikinsa ya koyi yin gumi da wuri, ya rage zubar da gishiri. Wannan sabo ne, yana gushewa idan ya koma gida, kuma ɗansa ba ya gadonsa. Ra'ayin cewa abin da jiki ya koya yana bin zuri'a an fi danganta shi da Lamarck, masanin Faransa da ya rubuta shi a 1809.

Bayanin da ilimin halittu ya tsaya a kai shi ne na Charles Darwin da Alfred Russel Wallace, wanda aka gabatar a Landan a 1858. 'Ya'yan jinsi ɗaya sun bambanta da juna, wasu bambance-bambancen ana gadonsu, kuma ana haifar fiye da waɗanda za su rayu. Fari ba ya ƙirƙirar sabuwar siffa, tankaɗe yake yi: wanda siffarsa ta dace ya bar zuri'a mai yawa, a hankali siffar ta yawaita. Da yake matsala ɗaya kan haifar da mafita iri ɗaya, hanyar C4 ta ɓullo fiye da sau 60 a dangogin tsirrai da ba su gaje ta daga juna ba. Haka ƙerana ta Afirka da kaktus na Amurka suka yi kama a ido, jiki mai ruwa da ƙaya, alhali danginsu ya yi nisa.

Gero ya ba da misalin da aka iya aunawa a zamanin mutum ɗaya. An fara noma shi a Sahel ta Afirka ta Yamma, kuma a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali an tono shaidarsa mai shekara kusan 4,500. Bayan farin shekarun 1970 da 1980, masu bincike sun kwatanta irin geron da aka tattara daga ƙauyukan Nijar a 1976 da wanda aka sake tattarawa daga ƙauyukan nan a 2003. Suka shuka su gefe da gefe a fili ɗaya, aka buga sakamakon a 2011. Galibi manoman ba su canza nau'in da suke shukawa ba, sunayen na da ne. Amma geron 2003 ya fi saurin fitar da kai, kuma ƙwayar gadon da ke sa saurin fure ta ƙaru a cikinsa. A shekarun da damina ta gajarta, karan da suka riga nuna su ne suka cika ido, daga cikinsu kuma manomi ya zaɓi irin baɗi. Tare da saurin nunar, karan ya rage tsawo, zangarniyar ma ta ɗan ƙanƙance.