Ƙawancen UPGA (1964–1966)

UPGA (United Progressive Grand Alliance) ƙawance ne na jam'iyyu da aka ƙulla a Nijeriya a 1964 domin ƙwace mulkin tarayya daga hannun NPC, jam'iyyar da ke mulkin Arewa a lokacin. Michael Okpara na NCNC, Firimiyan Jihar Gabas, shi ya ja ragamarsa. Akwai AG (Action Group) daga Jihar Yamma, wadda Alhaji Dauda Adegbenro ke riƙe da ita saboda shugabanta Awolowo yana kurkuku, sai NEPU ta Malam Aminu Kano da UMBC ta Joseph Tarka daga Arewa. Ɗaya ɓangaren shi ne ƙawancen NNA, inda NPC ta Sardauna ta haɗa kai da NNDP ta Akintola, Firimiyan Jihar Yamma. Duk wannan lokacin ministocin NCNC suna nan daram a gwamnatin Tafawa Balewa da suke neman kayarwa.

Kujerun Majalisar Wakilai 312 ne, 167 na Arewa. Ke nan ko da UPGA ta cinye Kudu kakaf, ba ta da rinjaye sai NEPU da UMBC sun kawo kujeru daga gida. A nan kuwa gizo ke saƙar. A Kano da sauran lardunan Arewa, izinin yin lacca yana hannun En'e, wato hukumar sarakunan gargajiya, haka 'yan doka da kotunan alƙalai da gidan yari, kuma En'e da NPC ɗan juma ne da ɗan jummai. 'Yan takarar UPGA sun yi ta kukan cewa ana tsare su, ko jami'in karɓar takardun tsayawa ya ɓace har wa'adi ya cika. Da haka 'yan NPC da dama suka wuce ba hamayya.

UPGA ta nemi a ɗage zaɓen tarayya na 30 ga Disamban 1964, aka ƙi, sai ta ce a ƙaurace masa ana dab da buɗe rumfuna. Wannan shawara ce ta karya ta, don ba a bi ta bai ɗaya ba. Gabas ta ƙaurace gaba ɗaya, Jihar Tsakiyar Yamma ta yi zaɓe, a Arewa ma aka jefa ƙuri'a. NPC ta tashi da kujeru 162, Malam Aminu ya rasa tasa ta Kano ta Gabas.

Shugaban ƙasa Azikiwe ya yi kwanaki bai kira Tafawa Balewa ya kafa gwamnati ba, sai 4 ga Janairun 1965 aka sasanta. An yi zaɓen cike gurbi a Gabas cikin Maris, NCNC ta koma gwamnati, aka bar AG da NEPU a waje. Ƙawancen ya sake tsayawa a zaɓen Jihar Yamma na Oktoban 1965, wanda ya ƙare da ƙone-ƙone. Bayan juyin mulkin 15 ga Janairun 1966, gwamnatin Janar Ironsi ta rushe jam'iyyu duka a watan Mayu.