Lissafi a Zamanin Daulolin Musulunci: Amsar Tambayoyin da Suka Ƙi Ƙarewa

Shin Larabawa ne suka ƙirƙiro sifiri?

A'a. Daga Indiya ya zo, tare da sauran alƙaluma tara. Masanin lissafi na Indiya Brahmagupta ya rubuta ƙa'idojin aiki da shi a shekarar 628, tun ba a aza tubalin Bagadaza ba, domin sai a 762 aka kafa birnin. Malaman Musulunci da kansu lissafin Indiya suke kiransa, kuma ba su ɓoye ba. Na gaji da ganin ɗalibai suna ba kakanni abin da su ba su taɓa cewa nasu ba ne.

To, mene ne nasu?

Aljabara a matsayin fanni mai zaman kansa. Muhammad bin Musa Alkhawarizmi ya rubuta littafinsa na jabru da muƙabala a Bagadaza wajen shekarar 820, zamanin Halifa Ma'amun. Ya kasa matsaloli gida shida, ya ba kowane gida hanyar warware shi, sannan ya kafa hujja da zane. Babu alamar lissafi ko ɗaya a cikin littafin, komai da kalmomi ya faɗa. Misalinsa da ya shahara shi ne: wane adadi ne idan aka ninka shi da kansa, aka ƙara masa ninkinsa goma, zai ba da 39? Ka raba goma biyu ka sami 5, ka ninka ta da kanta ka sami 25, ka haɗa da 39 ya zama 64, tushensa 8, ka cire 5, saura 3. Ka ɗauki takarda ka gwada kafin ka wuce.

Duka Larabawa ne, kuma duka Musulmi?

A'a. Alkhawarizmi ana danganta shi da yankin Khawarizm na tsakiyar Asiya, Umar Khayyam Bafarishe ne daga Nishafur, Sabit bin Ƙurra kuwa Basabi'e ne, wato mabiyin wani tsohon addini, daga Harran, har ya rasu a 901 bai musulunta ba. Larabci ne ya haɗa su.

Ai fassara littattafan Girkawa kawai suka yi, ko ba haka ba?

Wannan magana tana ɓata mini rai, domin mai yin ta bai duba komai ba. An fassara littattafan Girkawa irin su Iƙlidis da Arkimidis, gaskiya ne. Amma Uƙlidisi, wani malamin lissafi na daular Musulunci, ya yi aiki da kason goma-goma, wato alƙaluman da ke bayan ɗigo, a Dimashƙa a 952. Khayyam ya warware matsalolin da adadi ke ninkuwa da kansa sau uku ta hanyar zane. Alkashi, a Samarƙand a 1424, ya fitar da nisbar kewayen da'ira da faɗinta har gurbi 16 bayan ɗigo daidai, kuma an yi kusan shekara 180 ba a wuce shi ba. Fibonaci, masanin lissafi ɗan Italiya, ma a Bijaya ta Aljeriya ya koyi alƙaluman da ya yaɗa a littafinsa na 1202.

Zan iya raba gadon gidanmu da hanyar Alkhawarizmi?

A nan sai an yi a hankali. Tambayar tana da tushe, domin babban kaso na littafinsa a kan gado da wasiyya yake, kuma shi da kansa ya ce ya rubuta shi ne saboda bukatun mutane a gado da shari'a da ciniki da awon filaye. Ga ɗaya daga cikin misalansa: mutum ya rasu ya bar 'ya'ya maza biyu, ya yi wasiyyar sulusin dukiyarsa ga wani bare, ya bar dirhami 10 a hannu, kuma yana bin ɗaya daga cikin 'ya'yan bashin dirhami 10. Alkhawarizmi ya ɗauki abin da za a lissafa daga bashin a matsayin adadin da ba a sani ba, ya haɗa shi da goman da ke hannu, ya fitar da sulusi, ya raba saura biyu, sai adadin ya fito 5. Ke nan mai wasiyya ya karɓi 5, ɗan da ba a bi bashi ya karɓi 5, wanda ake bi kuwa rabonsa 5 ne daga abin da ke wuyansa.

Sai dai ka lura cewa akwai sauran dirhami 5 a kan wannan ɗan, kuma makomarsu hukunci ne na fiƙihu, lissafi ba ya yanke shi. Haka abin yake a ko'ina cikin fara'ili, wato ilimin rabon gado. Lissafi ba zai gaya maka wanda ya gada da wanda aka katange ba, ba zai gaya maka cewa sai an fitar da kuɗin jana'iza da bashi kafin wasiyya ba, ko cewa wasiyya ba ta wuce sulusi sai da yardar magada. Wani lokaci ma kason yakan zarce dukiyar: mace ta rasu ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai, miji yana da rabi, su suna da sulusi biyu, jimilla kashi 7 cikin 6. Abin da mazhabobin Sunna huɗu suke bi shi ne auli, wato a raba dukiyar gida 7, miji ya ɗauki 3, su su ɗauki 4, ko da yake an ruwaito saɓanin Ibn Abbas a kai. Saboda haka amsata ita ce: ka yi lissafinka domin ka fahimci abin da ake yi, amma kada ka raba ko kwabo sai malamin fara'ili ko alƙali ya tantance magada, musamman idan akwai gona, ko bashi, ko mai juna biyu. Kada kuma ka ji kunya idan kanka ya ɗaure. Manyan malamai ma sun yi saɓani a nan.

Wannan ilimi ya iso ƙasarmu?

Ya iso. Muhammad bin Muhammad Alfulani Alkashinawi, mutumin Katsina, ya yi rubutu a 1732 kan yadda ake tsara hatimi, wato murabba'in da kowane layinsa ke ba da jimilla ɗaya, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741. Ya zo bayan zamanin da muke magana a kai, amma a kan tafarkinsu yake.

Mongol ne suka kashe komai a 1258?

A'a. Shekara ɗaya bayan faɗuwar Bagadaza a hannunsu aka fara gina wurin duban taurari na Maraga a ƙasar Farisa ƙarƙashin Nasiruddin Ɗusi, kuma Alkashi ya zo bayan haka da fiye da ƙarni ɗaya da rabi.