Jagorancin shugaban makaranta a lokacin gyaran tsarin ilimi

Shugaban makaranta, wanda ake kira firinsifal ko hedimasta, shi ne mutumin da sabuwar manufar ilimi take sauka a teburinsa bayan ta fito daga ma'aikatar ilimi. A can takarda ce mai ɗauke da umarni. Da ta iso makaranta sai ta koma jadawalin darussa da za a warware a sake ɗinkawa, da malamai da za a horar, da iyaye masu neman bayani.

Aikin ya yi nauyi sosai tun daga ƙarshen shekarun 1980. A Ingila, dokar gyaran ilimi ta 1988 ta kawo manhaja guda ta ƙasa, ta kuma miƙa yawancin kasafin kuɗi ga makarantu su sarrafa da kansu. A shekarar ce jihar Ilinoi ta Amurka ta kafa wa makarantun birnin Shikago majalisu, waɗanda iyaye suka fi yawa a cikinsu, aka ba su ikon zaɓen shugaban makaranta bisa kwantiragin shekara 4. Shugaba ya samu ƙarin iko, amma lissafin kuɗi da cike takardu suka cinye lokacin da ya kamata ya shiga aji.

Nan ne gizo ke saƙar. Binciken da masaniyar ilimi Viviane Robinson da abokan aikinta suka wallafa a 2008 ya nuna cewa jagorancin da ya mai da hankali kan koyarwa ya ninka wanda ya tsaya kan zaburar da ma'aikata sau 3 zuwa 4 wajen tasiri ga sakamakon ɗalibai. Abin da ya fi komai tasiri shi ne shugaba ya shirya wa malamai horo, ya kuma zauna cikinsu ana koyo tare da shi.

A aikace, shugaban da ya san hannunsa yakan fara da tantance abin da sabuwar manufar ta wajabta da abin da ta bar wa makaranta. Sai ya ɗauki abu biyu ko uku kawai na zangon farko. Yakan keɓe wa malaman kowane fanni darasi guda a mako su tsara aiki tare, kuma dole a rubuta wannan cikin jadawali, domin abin da ba ya jadawali ba ya faruwa. Yakan shiga aji na minti 10 ko 15, ya zauna a baya, ya buɗe littafin ɗalibi biyu ko uku, sannan ya tattauna da malamin kafin mako ya ƙare. Idan malamai suka ɗauki wannan ziyara a matsayin farautar laifi, sai su tanadi darasin nuni na ranar kaɗai, gobe su koma gidan jiya.

Akwai kuma abin da masanin ilimi na Kanada, Michael Fullan, ya bayyana: idan aka fara sabuwar hanya, ƙwazo da ƙwarin gwiwa sukan yi ƙasa kafin su tashi, don malami ya saki abin da ya ƙware a kai bai kama sabon ba tukuna. Shugaban da bai faɗa wa malamai da iyaye wannan tun farko ba, sakamakon jarrabawa na farko zai razana kowa, a yi watsi da gyaran tun bai kafu ba. Yawan canza shugabanni ma haka yake yi, saboda kowane sabo yakan zo da nasa tsarin, malamai kuma su koyi yin shiru har guguwar ta wuce.